Tirelar Roba da Hannun Maigidana

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ranar da zan ba da labarin nan ina dariya, don akwai lokacin da ko tuna shi ba na son yi. Abin da ya sa na zauna rubuta shi, kwanan baya na je duba wani maƙwabcinmu da ɓarin jikinsa ya shanye. Na tarar mata sun kewaye shi, wannan na ba shi koko a baki, waccan na riƙe da kofin ruwa, wata na kore masa ƙuda. Duk wanda ya shigo sai ya yaba musu. Ni kuwa kaina na gani a shekarun baya, na ce a raina, bawan Allah, sai dai Ubangiji ya ƙwace ka daga hannun masoyanka. Ban iya faɗa musu a wurin ba, shi ya sa nake faɗa a nan.

Maigidana direba ne. Sunansa ba zan rubuta ba, ban taɓa kiransa ba tun da aka kawo ni gidansa, ba kuma da tsufana zan fara ba. A tashar Matameye, Mai Tirela ake ce masa. Da damina yana gida yana noma, da an kai amfani rumbu sai ya tsallaka Kano ya ja tirelar wani Alhaji zuwa kudu, sai gab da shuka mu gan shi. A shekarar da nake magana zamanin soja ne. Damina ta ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, aka kuma rufe iyaka. Mutumin da ya saba kwana a hanya ya dawo ya zauna a gida, ba gona ba mota.

Abu ɗaya ne ya rage masa na jin daɗi, shi ne ciyayya. A unguwarmu bayan magariba maza kan fito ƙofar gidan Malam Habu, dattijon da ke daura da mu, kowa da kwanon gidansa, a haɗa a ci tare. A shekarar fari ciyayya ta wuce al'ada, ta zama rufin asiri, don ba mai gane gidan da ba a ɗora tukunya ba. Tuwon jar dawar taimako ne a kowane kwano, mai tauri, mai ɗan ɗaci, amma Maigida yakan sa shi ya wuce da labaran hanya. Daga cikin gida ina jin su suna ta dariya.

Ciwon ya yi sallama kafin ya shigo, mu ne ba mu amsa ba. Ya jima yana kukan ƙeyarsa na sara, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi, wani lokaci ya ce yana ganin taurari da rana tsaka. Muka ce rana ce, muka ce tunani ne. Ya ƙara yawan goro, muna jiƙa masa kanwa yana sha. Don Allah wanda ya ji irin wannan a jikinsa ko a jikin nasa, ya je a auna shi. Awon ba ya da zafi, tsumma ne kawai ake ɗaura wa mutum a dantse a hura.

Wata safiya ya ɗauki buta zai yi alwala, sai na ji ta faɗi. Na leƙo na gan shi zaune a ƙasa, ruwa na bin zanen tabarma, bakinsa ya karkace gefe guda. Ya dube ni ya ce, da wata murya mai nauyi kamar ya cika baki da gari, "Rabi, wa ya ɗaure mini hannu?"

A amalanke muka kai shi disfansar, ƙaramin asibitin garinmu. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya auna shi, ya sake aunawa, ya ce tansiyo ce ta hau ta buge shi, abin da mutanen Kano ke kira hawan jini. Ya yi masa allura ya ce kada mu kwana, mu wuce Damagaram. Direbobin tasha, Allah ya saka musu, su suka sauke kayan wata ƙaramar mota suka shimfiɗa masa katifa a baya. A shingen hanya jandarma ya leƙo da fuska a ɗaure, ya ga halin da muke ciki, ya ɗage sandar bai tambayi takarda ba, har ya miƙo mini gorar ruwansa. Na sha zagin masu kaki a zuciyata a shekarun nan, amma wannan ɗaya har yau ina sa shi a addu'a.

Asibiti kuwa sai wanda ya gani. Fari ya koro mutanen daji gaba ɗaya, ko'ina mata ne da yara masu manyan cikuna a ƙarƙashin itatuwa. Muka bi layi tun hantsi har inuwa ta juya. Kowace takardar magani da aka rubuta, wani abu ne ke barin gidanmu. Akuyata ta fara tafiya, a shekarar da akuya ba ta da daraja, sannan kwanukan jerena suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kukan akuyar ba, amma kwanukan sun yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Likitan da ya duba shi saurayi ne, Bazabarme, Hausarsa a tsattsaye. Ranar da zai sallame mu ya ɗaga hannun Maigida na dama ya sake shi, hannun ya faɗi. Ya ce, "Ƙafa zai dawo. Baki zai dawo. Hannu shi ne mai taurin kai. Hannun da aka yi masa komai, yana manta mai shi. Ku ba shi aiki."

Muna fitowa yayar Maigida, Hajiya Kulu, wadda ta baro gidanta a Kance da tabarmarta da butarta don jinyar ƙanenta, ta taɓe baki. "Yaro ne, bai san girman babba ba. Mara lafiya a sa shi aiki muna raye? Me mutane za su ce da mu?"

Ni ma a lokacin haka na gani. Haka muka tashi muka tarar ana jinya: mara lafiya ya kwanta, 'yan'uwa su zama hannunsa da ƙafarsa, wanda ya fi hana shi motsi shi ya fi ƙaunarsa. Muka dawo gida muka shiga tsere ni da Hajiya. In ya kalli kofi, kafin ya ƙifta ido yana bakinsa. In hularsa ta karkace, mu biyu mu kai hannu. Mu yi masa alwala, mu sa masa riga, mu ɗauki hannun nan mu ajiye masa a cinya kamar jinjiri.

Masu dubiya kuma kowa da maganinsa a aljihu. Wani ya taso tun daga Yauri da kitsen damo a kwalba, muka shafa har ɗakin ya ƙi shiguwa. Wata tsohuwa daga Icirnawa ta ce iska ce ta mare shi a bakin rijiya, ta turnuƙe mu da hayaƙi har Hajiya ta kwana tana tari. Wanzami ya yi ƙaho. Malam Habu ya aiko da rubutu, wannan kam na ba shi da zuciya ɗaya, yana sha yana haɗiye ƙwayoyin likita a kai. Ban raina kowa ba, duk ƙauna ce ta kawo su da ƙafa cikin wannan rana. Amma da yawansu sun zo ne su ci ɗan abin da ya rage a tukunya, su ce sannu, su tafi.

Sannu a hankali ƙafa ta dawo, yana jan ta da sanda zuwa bayan gida. Baki ya miƙe sai ɗan abin da ba a rasa ba. Hannu yana nan inda muka ajiye shi.

To a nan babbar matsalar ta fito. Da hankalinsa ya dawo sosai, sai ya ƙi yarda a ba shi abinci a baki. In na matsa ya karɓi loma ɗaya ko biyu ya juya wa bango fuska. Na ce to ya ci da hagu, lalura ce, Malam Habu ma ya aiko cewa addini bai hana mai lalura ba. Ya ce, "Rabi, da hannun da nake tsarki zan sa a kwano? Ko Allah ya yafe, ni ban iya ba." Maganar fita ciyayya kuwa ba ta ma taso ba. Kullum bayan magariba sai mu ji Malam Habu ya ɗaga murya daga waje, "Mai Tirela, ga wurinka nan." Shi kuma ya yi kamar barci yake.

Ya rame har rigunansa suka zama na aro. A shekarar da mutane ke mutuwa don ba abinci, nawa mijin yana ƙarewa ga abinci a gabansa. Na daina tunanin hannu. Tsorona kabari ne, ina kuma ganin muna dosarsa kowace rana.

Ana haka sai ga Ilu. Ilu taubashin Maigida ne, ɗan ƙanwar babansa, shi ma direba ne a Kano, ya biyo ta daji da masu fasa-ƙwauri. Kowa ya san tsakanin taubasai ba kunya ba girmamawa, amma na zaci ciwo zai sa ya sassauta. Ina. Ya shigo ko sannu babu, ya tsaya a kansa ya ce, "Af, ashe da sauranka. Ni an ce mini ka tafi, na zo gadon Rabi ne."

Hajiya ta ce, "Ilu, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa, Hajiya, shi ya sa na zo da tsaraba." Ya zaro wani kwali mai faɗi daga buhu. A jikin kwalin hoton tirela ne, ja wur, mai dogon hanci da bututun hayaƙi masu ƙyalli. Ya ce a kantin wani Kwara ya gani, mai kantin na tattara kaya zai bar gari. "Tun da ka kasa jan babba, ga daidai kai."

Ya yanke leda ya ɗaga murfin yana washe baki, sai na ga bakin ya rufe. Ba mota a ciki. Wasu tarkacen roba ne birjik, ƙanana ƙanana, manne a jikin sanduna kamar ƙayar kifi, da tayoyi a ƙulle cikin leda, da wata takarda mai zane-zane. Ilu ya juya kwalin ya dubi hoton, ya sake duban ciki. Ya ce a hankali, "Kwaran nan ya cuce ni. Har godiya na yi masa."

Sai muka ji wani sauti daga kan gado, na zabura na zaci shaƙewa ya yi. Ashe dariya ce. Rabon da in ji ta tun kafin butar nan ta faɗi. Ya yi ta har da hawaye, sannan ya miƙa hagu ya jawo ɗaya daga cikin sandunan ya kai kusa da ido. Ya ce, "Wannan ai shasi ne. Ga akis na baya. Ga tankin mai, an raba shi biyu. Kai jaki, ba a cuce ka ba. Mota ce ba a haɗa ba."

Ranar ya sha fura rabin ƙwarya bai ma san ya sha ba, idonsa na kan kwalin.

Washegari ɗakinmu ya koma gareji. Takardar da turancin wata ƙasa aka rubuta ta, wanda ko ɗan abin da na koya a lekol, makarantar boko, kafin aure bai kama shi ba, amma hotuna ne da lambobi, kowane guntu da lambarsa a jikin sanda. Gam ne babu a kwalin. Muka dafa ƙaro muka gwada, yana bushewa ya ɓalle. Ilu ya je tasha ya samo na masu facin taya a 'yar kwalba, wannan ya kama, amma in ya yi yawa sai ya narkar da robar. Da tsinken tsintsiya ake ɗiga shi.

Kun san yadda muka raba aikin? Yadda muka saba. Ni ke karanta lamba in yanko guntun da reza, Hajiya ta riƙe, Ilu ya manna. Mai motar yana jingine da filo yana ba da umarni, hannun dama a cinya. Ko a nan ma ba mu bar masa komai ba. Amma ya farfaɗo, yana faɗa, yana zagin Ilu, yana ce wa Hajiya yatsunta sun yi kauri. Hajiya, wadda ta ce da farko wannan wasan yara ne bai dace da magidanci ba, ita ce ke fara tambaya da safe yau ina za a haɗa.

Ranar da aka zo kan kabin, wurin zaman direba, Maigida ya ce wannan ba zai bar wa kowa ba. Ya riƙe kabin ɗin da hagu, don ƙarami ne kuma gam ɗin kujeru bai bushe ba, in ya saki zai wargaje. Ilu ya ɗauki sitiyari, ɗan abu kamar ƙwandala, ya ɗiga masa gam, ya nufi gefen dama da shi.

"Ba nan ba," in ji Maigida.

"Nan ne mana."

"Nan wurin karen mota ne. Karen mota ne zai tuƙa?"

"Kai da ka manta hanya, me ka sani? Nan ya fi kyau." Ya ci gaba da kai hannu.

"Ilu, in ka manna shi ba ya ciruwa."

"Shi ke nan sai ta zauna haka."

Ina kallo da idona. Hagu na riƙe da kabin, ba dama ya saki. Sai kafaɗarsa ta dama ta yi wani motsi, hannun nan da muka yi makonni muna ɗauka muna ajiyewa ya zame daga cinya, ya tafi a karkace kamar na mai maye, ya bugi tsintsiyar hannun Ilu. Sitiyarin ya faɗi a tabarma.

 Hajiya ta fara salati ƙasa-ƙasa. Maigida ya zuba wa hannun ido kamar baƙo ne ya shigo ba sallama. Ni ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ilu ya shafa wurin ya ce, "Da mataccen hannu ka buge ni? To wallahi sai ka ƙara mini da mai rai."

Har Ilu ya bar duniya ana gardama a gidanmu ko da gangan ya yi. Shi ya ce sam bai san komai ba, kuskure ne. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙi a ce bai san gefen sitiyari ba. Ni dai na san abin da na sani.

Da yammar nan Maigida ya kafa doka. Ya ce duk wanda ya sake taɓa motar nan bai yafe ba. A lokacin ne maganar Bazabarmen likita ta dawo mini, na kuwa ji kunyarsa daga nesa. Ilu ya yi 'yan kwanaki ya koma Kano, ya bar mu da aiki mafi wuya da na taɓa yi a jinya, wato zama ina kallo.

Kada wani ya zaci daga nan abu ya zo da sauƙi. Da farko hannun ba abin da yake yi sai danne sanda, hagu na yanka. Maigida ya ɗauke shi da hagu ya ɗora a kan robar kamar dutse. Bayan mako ya fara matse abu tsakanin tafi da gwiwa. Yatsu suka daɗe ba su amsa ba. Guntu ya faɗi, ya bi shi, ya sake faɗi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Hajiya ta kai hannu, ya harare ta, ta janye ta fita tsakar gida tana share hawaye tana cewa ni ce marar imani da na iya zama ina gani. Daga baya na gano dabara, da ya buɗe kwali sai in tura mata faifan zogale ta yi ta tsinka, hannunta ya samu abin yi.

Akwai ranakun da ya yi jifa da reza ya ce a ƙona kwalin. Akwai ranar da hannun ya yi rawa gam ya zuba a ƙofar kabin, ta narke ta motse, haka take har yau kamar an yi karo da ita. Ga kuma faɗan miya, don majo ya hana shi gishiri da kanwa, ya rage masa goro. Kullum sai ya ce wai ruwan wanki nake ba shi. Amma yana ci. Aikin na sa shi yunwa. A ɗaka, ba mai gani, ya yarda yana shan fura da ludayi a hagu, tuwo ne dai ya ce sai ranar da dama ta iya.

Tayoyi su suka buɗe yatsun. Tirela tayoyi gare ta ba kaɗan ba, kowace sai an tura ta a kan ƙarfenta da babban yatsa. Ta farko ta ci masa wuni guda. Kafin ya kai ta ƙarshe, babban yatsa da manuni sun fara haɗuwa. Ranar da ya ɗauki tsinken gam da dama, ya kira ni in gani, tsinken na rawa, shi yana murmushi da ɗan karkataccen bakinsa. Na yi farin cikin da ban yi ba ranar aurena, don ranar aurena kuka na yi.

Sai kuma kaza ta shiga maganar. Kaza ɗaya ta rage mana, fari ya mai da ita ba abin da ba ta ci. Maigida ya fito da aikinsa inuwar tsakar gida, ya ajiye fitilun gaba guda biyu masu ƙyalli a kan faifai. Kafin ya juya ta cafe ɗaya ta haɗiye. Ya ce a yanka ta yanzu. Hajiya ta ce kazar da ke ƙwai a wannan shekara, sai dai a yanka ita Hajiyar. Aka yi sulhu aka ɗaure kazar a turmi, aka naɗa ni mai binciken kashinta da tsinke, ni Rabi, safe da yamma. Fitila dai ba ta fito ba. A ƙarshe na cire ɗan koren dutse daga sarƙar wuyana na ba shi ya manna. Shi ya sa tirelarmu ido ɗaya fari, ɗaya kore.

Da muka koma awo, majo ya ce tansiyo ta sauka. Ya miƙa masa yatsu biyu ya ce ya matse, ya matse, majo ya ɗaga gira ya tambayi wane magani muka samo. Da aka gaya masa, sai ga shi da yamma a kan babur ya zo ganin mota. Daga bakinsa labari ya bazu. Mai rubutu a jikin motocin tasha ya aiko da ragowar jan fenti a gwangwani, Maigida ya shafa da gashin kaza da ya ɗaure a tsinke. Kazar nan dai ta biya wani abu daga bashinta.

Gaskiyar da zan faɗa wa masu jinya ita ce, hannun bai dawo kamar da ba. Ƙananan yatsu biyu sun lanƙwashe har ƙarshen ransa, tirelar gaske kuma bai sake ja ba, ya koma sayar da kayan mota a bakin tasha, muka yi shekaru masu yawa da albarka a haka. Amma ku kai mutum likita da wuri, ku ba shi ƙwayarsa, sannan ku nemo masa abin da yake so har zuciya, abin da zai ji haushi in wani ya ɓata. In ya fara, ku zauna a kan hannuwanku. Za a ce ba ku da tausayi. Ku bari a ce.

Da motar ta kammala, mazan ciyayya suka aiko a ba su su gani. Maigida ya ce a gaya musu mota ba ta fita ba direba. Malam Habu ya aiko da amsa cewa to direban ya fito da ita. Kowa ya san ba a zuwa wurin nan bayan magariba a zauna ana kallon masu ci.  Kwana biyu bayan haka na zagaya bayan ɗaki ɗebo itace, na hango Maigida a tsugune da ɗan ragowar tuwon jiya a murfin kwano, yana gutsura da dama, yana mulmulawa, lomar na faɗuwa yana ɗauka. Na koma da baya a hankali, ranar da kara na yi girki.

Ran Juma'a ya ce in fito masa da farar rigarsa. Na kai hannu zan sa masa, na tuna, na ajiye a gado na fita. Ya daɗe kafin ya fito, wuyan rigar a karkace, ba wanda ya gyara. Aka idar da magariba. Ya ɗora tirelar a kan tire, ya riƙe gefe ɗaya da hagu, ɗaya da dama, ya bar sandarsa a jingine. Wani maƙwabci ya shigo ya ɗauki kwanon gidanmu. Ni da Hajiya muka bi shi har zaure muka laɓe a bayan asabari, ta riƙe mini hannu kamar za ta karya.

Ba wanda ya ce masa sannu, Allah ya yi musu albarka. Malam Habu ya matsa kawai ya ce, "Ka makara, Mai Tirela." Aka ajiye motar a tsakiyar tabarma kusa da fitilar ƙwai. Suka rufu a kanta, wannan na ƙirga tayoyi, wancan na tambayar wa ya buge ƙofar, wani na cewa a duk hanyar kudu bai taɓa ganin mota mai koren ido ba. Aka buɗe kwanuka, aka zagaya da ruwan wanke hannu. Na ga ya tsoma dama.

Lomar farko ta faɗi a cinyarsa. Na runtse ido. Da na buɗe sai na ga duk mazan nan, manyansu da ƙananansu, kowa ya kafa wa motar ido yana ci, suna ta gardama a kan bututun hayaƙi, ba wanda ya juyo. Ya ɗauki ta biyu. Ta yi rawa a hanya, miya na bin dantsensa tana sauka a farar riga, amma ta isa. Ya tauna, ya haɗiye, ya sake kai hannu. Can sai na ji muryarsa ta hau kan ta kowa, yana gaya musu yadda Ilu ya so ya ba karen mota tuƙi, dariya ta tashi har ƙarshen layi.

Hajiya ta sake ni ta zauna a dakalin zaure tana kuka ba sauti. Ni ina tsaye ban gama dawowa hayyacina ba, sai na ji ya juyo wajen gida ya ɗaga murya.

"Rabi, da sauran tuwo?"

A shekarar nan ba tambayar da mace ke tsoro kamar wannan. Babu saura, sai nawa da na Hajiya da na rufe a gefen murhu. Muka dubi juna. Ta riga ni tashi, amma na riga ta isa madafa, na juye duka biyun a kwano ɗaya, na ce da ƙarfi yadda duk unguwa za ta ji, "Akwai, Maigida. Ga shi nan zuwa."